Darasi: Tsimin Wutar Lantarki a Gida da Na'urori Masu Kunnawa da Kashewa da Kansu

Inda wutar Gaya take fitowa

Kamfanin NIGELEC, wanda aka kafa a 1968, shi ne ke rarraba wutar lantarki a garin Gaya na Nijar, amma shekaru da yawa mafi yawan wutar da yake sayarwa daga Najeriya take shigowa. Tun 1976 wani layi mai ƙarfin kilobolt 132 ya haɗa Birnin Kebbi da Yamai, yana kawo wutar da madatsar ruwa ta Kainji ke samarwa. Gaya kuwa, da yake tana bakin iyaka, an ja mata nata layin mai kilobolt 33 daga Kamba ta jihar Kebbi. Kafin 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da ake sha a Nijar ta irin waɗannan layuka take zuwa. A watan Agusta na shekarar, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli da takunkumin ƙungiyar CEDEAO, Najeriya ta yanke wutar, kuma ba a maido da ita ba sai bayan an ɗage takunkumin a watan Fabrairu na 2024. Tashar hasken rana ta Goru Banda mai megawat 30, da ta fara aiki kusa da Yamai a ƙarshen 2023, ta rage wa babban birnin ƙasar wahala, amma ba ta wadatar da ƙasa ba.

Ke nan wutar da ke shiga gida a Gaya tana da tsada ta fuska biyu. Akwai kuɗin da maigida ke biya, akwai kuma ƙarancinta, domin ana ɗauke ta, tana kuma dawowa wani lokaci da rauni, wani lokaci da ƙarfin da ya wuce kima. Duk na'urar da za a sa a gida don tsimi dole a auna ta da wannan hali, ba da halin ƙasashen da aka ƙera ta ba.

Abin da mita take ƙirgawa

Kowane kayan wuta yana ɗauke da lamba a jikinsa, sau da yawa a baya ko a ƙarƙashi, da harafin W a gabanta. Wannan lambar ita ce wat, wato yawan wutar da kayan ke ja yayin da yake aiki. Mita ba wat kaɗai take ƙirgawa ba, tana haɗa shi da lokaci. Ma'auninta shi ne kilowat-awa, wanda ake rubutawa kWh a takardar kuɗin wuta: wat 1,000 da aka ja har tsawon awa ɗaya. Lissafin kuwa ɗaya ne ga kowane kaya: a ninka wat da yawan awoyi, a raba da 1,000.

Fanka ta rufi mai wat 70 da ta yi awa 10 tana juyawa ta ci 0.7 kWh. Idan fankoki uku ne, a wata mai kwana 30 sun ci 63 kWh. Ƙwan fitila irin na da, mai zare a ciki da wat 60, guda shida, awa shida kowane dare, suna cin kusan 65 kWh a wata. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da haske kwatankwacin wancan, kuma guda shida a awoyi iri ɗaya ba su kai 10 kWh ba. Dalili shi ne ƙwan zare yana mayar da kusan kashi 90 cikin 100 na wutarsa zafi, ba haske ba. A watan Afrilu, lokacin da zafin Gaya ke wuce digiri 40, mai irin wannan ƙwai yana biyan kuɗin ɗumama ɗakinsa, sannan ya sake biyan kuɗin fankar da za ta kore zafin.

Kayan da suka fi kowa ci su ne masu ɗumamawa da masu sanyayawa. Dutsen guga yana jan wat 1,000 ko fiye, butar tafasa ruwa da hitar wanka suna jan 1,500 zuwa 2,000, na'urar sanyaya ɗaki matsakaiciya kuma wajen 1,200. Ita wannan ta ƙarshe, idan injinta ya kwana yana aiki awa takwas ba hutawa, za ta ci 288 kWh a wata, fiye da fankoki da fitilun gidan gaba ɗaya. Cajar waya kuwa ba ta wuce ƴan wat kaɗan ba, duk da cewa ita ake yawan yi wa yara faɗa a kanta.

Farashin wuta a Nijar mataki-mataki ne, kuma hukumar ARSE mai sa ido kan harkar makamashi ce ke nazarinsa. A tsarin da ya fara aiki a 2018 an ware farashi mai rangwame ga ƙananan masu sha, waɗanda ba su wuce 50 kWh a wata ba. Daga nan, duk sa'ad da gida ya tsallake wani mataki, abin da ya ƙaru ana biyansa da tsada fiye da na baya. Saboda haka kilowat ɗin da aka rage daga sama shi ne mafi tsada a cikin takarda. Wannan ne ma ya sa gidan haya mai iyalai huɗu ko biyar a kan mita ɗaya yake biyan kuɗi mai yawa: shan kowa kaɗan ne, amma idan aka haɗa sai ya hau matakin sama. A irin wannan gida, ƙaramar mita ta cikin gida ga kowane ɗaki ba ta rage farashi, amma tana nuna wa kowa abin da ya sha, tana kashe gardamar ƙarshen wata tsakanin mai firiza da mai ƙwai biyu. Mita mai kati, wadda ake sayen wuta kafin a sha, ita ma tana da wannan amfani, domin lambar da ta rage tana gaban ido kullum.

Na'urorin da ba su buƙatar intanet

Na'ura mai sarrafa wuta da kanta aikinta ɗaya ne: ta kashe abin da mutum zai manta bai kashe ba, ta kunna shi sa'ad da ake bukata. Ba ta rage wat ɗin kaya, awoyinsa take ragewa. Inda babu awoyin da ake ɓarnatarwa, ba tsimin da za ta yi.

Mafi sauƙi a cikinsu ita ce mai jin hasken rana. Ƙaramar aba ce da ake ɗaurawa a bango a waje, a haɗa ta da fitilar ƙofar gida ko ta gaban shago. Da magariba ta kunna, da gari ya waye ta kashe. Doguwar fitila mai wat 40 da aka bari dare da rana tana cin kusan 29 kWh a wata. Da wannan na'ura sai ta koma 14 da ɗoriya, idan kuma aka musanya ta da LED mai wat 18 sai ta sauko ƙasa da 7. Wajen ɗaura ta a kiyaye abu biyu. Kada hasken fitilar da take sarrafawa ya faɗa mata, domin za ta ɗauka gari ya waye, ta kashe, ta sake kunnawa, ta yi ta haka har safe. Kuma a lokacin hunturu ƙura tana rufe idonta, sai fitila ta yi ta ci har hantsi. Shafa ta da tsumma sau ɗaya a mako ya isa.

Mai jin motsi tana gane zafin jikin mutum idan ya gitta gabanta, ta kunna fitila na minti ɗaya ko biyar gwargwadon yadda aka saita ta. Ta dace da zaure, banɗaki, ɗakin ajiya da lungun bayan gida, wuraren da ake shiga a fita. Ba ta dace da ɗakin karatu ko wurin salla ba, domin mai zaune shiru sai ta bar shi cikin duhu. A tsakar gida mai awaki da kaji za ta kwana tana kunnawa, sai an juya fuskarta daga turke. Akwai kuma wani hali nata da masu sayarwa ba su cika faɗa ba: a bazara, idan bango da ƙasa sun ɗauki zafin da ya kusa na jikin mutum, ganinta yana raguwa, har sai an matso kusa kafin ta farga. Wannan ba lalacewa ba ne.

Agogon wuta, wanda ake sakawa tsakanin soket da kaya, yana kunnawa da kashewa a lokutan da aka tsara masa. Iri biyu ne. Akwai mai juyawa da haƙora, akwai mai lambobi da ƙaramin batir a ciki. A garin da ake ɗauke wuta, mai haƙora bai da amfani sosai, domin yana tsayawa idan wuta ta tafi; in ta yi awa uku ba ta dawo ba, lokacinsa ya koma baya da awa uku, sai ya kunna abin asuba da hantsi. Mai batir yana riƙe lokacinsa. Babban wurin aikin agogon wuta shi ne hitar wanka a watannin ɗari, Disamba da Janairu: a maimakon ta wuni tana ɗumama ruwan da ba wanda zai taɓa, sai ta kunna awa ɗaya kafin asuba ta kashe. Haka talabijin da akwatin tauraron ɗan'adam, waɗanda ke ci gaba da shan wuta ko an kashe su da rimot. Idan su biyun suna jan wat 10 a wannan hali, sun ci 7 kWh a wata ba tare da kowa ya kalli komai ba. Matsalar ta kai har Hukumar Makamashi ta Duniya ta fito da shiri a 1999 na neman masu ƙera kaya su rage wannan sha zuwa wat ɗaya, amma tsofaffin kaya na gwanjo, waɗanda su ne suka cika gidaje da yawa, ba duka suka bi wannan ƙa'ida ba.

Gidan da ke da rijiyar burtsatse da tanki a sama yana da wata ɓarnar da kowa ya sani: a kunna injin jan ruwa, a shagala, sai maƙwabci ya aiko yaro cewa tanki yana zuba. Makunni mai yawo a kan ruwa yana magance wannan. Ana rataye shi cikin tanki, idan ruwa ya cika ya tashi da shi sai ya yanke wa injin wuta, idan ya ragu ya sake kunnawa. Yana tsimin wuta da ruwa a lokaci guda, kuma yana ƙara wa injin kwana.

Sanyi: inda kuɗin suka fi tafiya

A Turai da Amurka kaso mafi girma na makamashin gida wajen ɗumama ɗaki yake tafiya, shi ya sa na'urar da ta fi suna a can ita ce mai daidaita zafi, kamar Nest da ta fito a 2011, wadda kamfanin Google ya saya a 2014. A Gaya lamarin a juye yake. Abin da ake nema shi ne sanyi, kuma na'urar daidaita shi tana nan cikin kayan tun daga masana'anta, sai dai ba a amfani da ita yadda ya kamata.

Mutane da yawa suna sa na'urar sanyaya ɗaki a digiri 16 ko 18 da zaton ɗakin zai fi saurin yin sanyi. A na'urar da aka saba da ita, iskar da ke fitowa sanyinta ɗaya ne ko a wace lamba aka sa. Lambar tana gaya wa injin lokacin da zai huta ne kawai. Ɗaki mai rufin kwano a bazara ba zai taɓa sauka zuwa 16 ba, don haka injin ba zai huta ba har safe. Idan aka sa 26 aka haɗa da fanka, jiki yana jin daɗi, injin kuma yana tsayawa yana tashi. Hukumar tsimin makamashi ta Indiya ta ƙiyasta cewa kowane digiri ɗaya da aka ƙara yana rage kusan kashi 6 cikin 100 na wutar da na'urar ke ci, kuma daga Janairun 2020 ta wajabta a riƙa sayar da sababbi a saite kan 24. Japan kuwa a 2005 ta fara kiran ofisoshinta su tsaya a 28. Kusan kowane rimot yana da maɓallin agogo. Idan aka tsara na'ura mai wat 1,200 ta kashe kanta da ƙarfe 3 na dare, lokacin da gari ya ɗan huce, a maimakon 6 na safe, za a iya rage har 108 kWh a wata ba tare da an sayi komai ba. Wanke ragar da ke tace iska kowane mako biyu, da toshe kafar ƙarƙashin ƙofa, suna cikin aikin.

Firiji da firiza nasu hukuncin daban ne, kuma ya shafi mata da yawa a Gaya masu sana'ar ƙanƙara, zoɓo da lemun leda, da masu ajiye kifin kogin Kwara. Sanyin firiji ya isa a digiri 3 zuwa 5, na firiza kuma 18 ƙasa da sifiri. Kashe firiza da dare don tsimi dabara ce mai cutarwa idan akwai kifi ko nama a ciki, kuma ribar kaɗan ce, domin da safe injin zai biya bashin sanyin da ya tsere. Abin da ya fi amfani shi ne a janye ta daga bango kamar taki ɗaya, a raba ta da rana da murhu, a duba robar murfi, a kuma bar zoɓo ya huce kafin a saka. Na'urar da firiza ke buƙata da gaske ita ce mai kariya. Ana saka ta a soket. Idan wuta ta yi rauni ko ta yi yawa sai ta yanke, idan kuma an ɗauke an maido sai ta jira minti uku zuwa biyar kafin ta saki, domin injin sanyi da aka tayar nan take bayan ya tsaya yana iya ƙonewa. Ba ta rage ko kilowat ɗaya a takarda, amma kuɗin sabon inji ya fi kuɗin wutar watanni. Da yake yankin Gaya ya fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, da hadari da tsawa a damina, wannan ita ce na'urar da ta cancanci a fara saya a gidan da ke da firiza.

Masu aiki da wayar hannu

Soket da makunni masu haɗuwa da intanet su ne ake tallatawa da sunan gida na zamani. Da su maigida yana iya kashe fitilar shagonsa daga gida, ko ɗan kasuwar da ya tafi Doso ko Yamai ya duba ko firizarsa tana aiki. Wasu suna nuna yawan kWh ɗin da kayan da aka saka musu ya ci, kuma wannan shi ne mafi girman amfaninsu: soket ɗaya irin wannan, a riƙa zagayawa da shi daga kaya zuwa kaya mako-mako, zai nuna wanda ke cinye kuɗin gida.

Amma suna da sharuɗɗa. Suna buƙatar akwatin intanet da ke kunne dare da rana, shi ma yana shan wuta, ga kuɗin data. Soket ɗin kansa yana jan kusan wat ɗaya kullum, don haka saka shi a kan cajar waya asara ce. Kafin saye a tambaya: idan intanet ta yanke, yana ci gaba da bin jadawalinsa? Idan wuta ta tafi ta dawo, a kunne yake tashi ko a kashe? Wanda ke tashi a kashe zai bar firiza ta narke, wanda ke tashi a kunne kuma bai kamata a sa masa dutsen guga ko hita ba. Ga mafi yawan gidajen Gaya, waɗannan su ne na ƙarshe a jerin saye.

Gidan da ke da sola

A Nijar kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke samun lantarki, kuma a ƙauyuka da yawa faifan sola da batir su ne wutar. Neman amfani da rana ba sabon abu ba ne a ƙasar: Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci ofishin ONERSOL, inda aka ƙera na'urorin ɗumama ruwa da rana shekaru da dama da suka wuce. A gidan sola ba takardar wata, kuɗin yana cikin batir. Batir mai ruwa da ake zuƙewa ƙasa da rabi kullum ba ya daɗewa, kuma na'urar daidaita caji, wadda ke tsakanin faifai da batir, ita ke yanke wuta kafin batir ya zuƙe gaba ɗaya. Tsallake ta da waya don a ƙarasa kallon wasa yana cinye watanni daga ran batir. Agogon wuta a nan yana da aiki na musamman: ya sa injin ruwa da sauran manyan kaya su yi aikinsu tsakanin ƙarfe 10 na safe da 3 na yamma, sa'ad da rana ke bayarwa kai tsaye, a bar wa batir fitilu da fanka na dare.

Lissafi kafin saye, da kiyaye lafiya

A ɗauka, don misali kawai, kilowat-awa ɗaya sefa 80 ne, na'ura mai jin hasken rana kuma da kuɗin aiki jika 6. Ta rage 14 kWh a wata, wato sefa 1,120. Cikin wata shida ta mayar da kuɗinta. Idan kuma aka riga aka sa LED mai wat 9 a wurin, abin da za ta rage bai fi 3 kWh da ɗan kai ba, sai ta yi kusan shekara biyu kafin ta biya kanta. Shi ya sa ake fara musanya ƙwayaye da gyara saiti, sannan a duba abin da ya rage.

Kasuwar Gaya tana karɓar kaya daga ɓangarori biyu. Nijar da Benin suna amfani da filogi mai ƙafa zagayayya irin na Faransa, Najeriya kuma mai ƙafa uku masu kusurwa irin na Ingila. Tura ɗaya cikin ramin ɗaya da ƙarfi, ko cusa tsirarar waya da tsinke, yana haifar da zafi da gobara. A duba kuma lambar amfiya a jikin na'ura: a wutar bolt 220, mai amfiya 10 tana ɗaukar wat 2,200 ne iyaka, mai 16 kuma wajen 3,500. Na'urar sanyaya ɗaki da injin ruwa suna fizgar wuta fiye da lambarsu a lokacin tashi, don haka ba a ɗora su kai tsaye a kan ƙaramin soket. Mai gyaran wuta ne zai sa musu makunni mai ƙarfi a tsakani. Araha ba ta ado a kayan wuta: wanda ba shi da lamba a jiki, ko robarsa ke ɗaukar zafi bayan minti goma, a cire shi. Duk aikin da ya shafi buɗe bango ko allon wuta na ƙwararre ne, mita kuwa ta kamfani ce, taɓa ta laifi ne.

Aikin gida

Kowane ɗalibi ya rubuta lambar mitar gidansa da magariba da kuma bayan sallar asuba, kwana bakwai a jere, ya fitar da abin da gidan ke sha da dare da abin da yake sha da rana. Sannan ya zaga ɗaki-ɗaki ya rubuta wat ɗin kowane kaya da awoyin aikinsa, ya lissafa na wata, ya kwatanta da takardar kuɗin wutar gidan ta ƙarshe. Wanda gidansa ba shi da mita ya yi lissafin a kan shago, makaranta ko masallacin unguwa, da izinin mai kula da wurin. A zo aji na gaba da sunan kaya uku da suka fi ci, da awoyin da kowannensu ke aiki ba wanda ke amfana.